Kabarin gilashi: tagogin coci da sojojin da ba su dawo ba

A wani ƙauye mai suna Swaffham Prior, kusa da birnin Cambridge a Ingila, akwai cocin da tagoginsa kan sa baƙo ya ja birki ya sake dubawa. Inda ido ya saba ganin mala'iku da waliyyai da tumaki, sai ga tankar yaƙi. Ga jirgin ƙarƙashin teku, ga Zefelin, ƙaton jirgin nan mai kama da balan-balan da Jamusawa suka riƙa turowa cikin dare yana yi wa garuruwan Ingila ruwan bama-bamai. A wani ɓangaren kuma mata ne a masana'anta suna aikin harsasan igwa. Kowane hoto da ayar Littafi Mai Tsarki da aka liƙa masa. Babban mai gonakin ƙauyen, C. P. Allix, shi ya tsara su da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, don tunawa da 'yan ƙauyen da suka tafi ba su dawo ba.

Abin da ya sa ake zuwa kallonsu shi ne sun fita daban. Dubban tagogin tunawa da aka kafa a coci-cocin Turai da Kanada da Ostireliya bayan 1918, mafi yawansu ba su da tanka ko ramin fako ko laka. Barade ne cikin sulke, takobi a hannu, fuska fes kamar ba a taɓa yi musu ƙwarzane ba. Kafin a gane dalilin wannan, sai an fara gane abin da ya kai mutane ga taga tun farko, kuma wannan labari ne na gawa.

A watan Afrilun 1915 aka harbe wani matashin laftana a fagen daga a Faransa, William Gladstone, ɗan majalisar dokoki kuma jikan tsohon firayim ministan Birtaniya mai irin wannan suna. Da yake ɗan babban gida ne, aka samo izini aka ɗauko gawarsa aka binne a Hawarden, garin kakanninsa, da gagarumar jana'iza. Abin ya yi wa wasu zafi, musamman wani mutum mai suna Fabian Ware da ke jagorantar aikin rubuta inda aka binne sojoji. In ɗan masu hali zai dawo gida cikin akwati, ɗan leburan ma'adinin kwal kuma fa? Daga nan aka toshe ƙofar baki ɗaya: duk sojan Birtaniya da ya mutu a fagen daga, can zai kwanta kusa da inda ya faɗi. A 1917 aka kafa hukumar kula da kaburburan yaƙi ta daular, Ware na jan ragamarta, ta kuma ƙara wata doka da ta fi ta farko ɗaci ga iyalai. Janar da kurtu dutse iri ɗaya za a kafa musu, tsayi ɗaya, faɗi ɗaya. Babu mai gina wa ɗansa hubbare. Abin da aka bar wa iyali kawai shi ne 'yar gajeruwar magana a gindin dutsen, da ba za ta wuce haruffa 66 ba.

An yi rigima sosai. Iyaye mata sun yi ta rubuta koke, wasu na cewa gwamnati ta ɗauke musu 'ya'ya da rai, yanzu kuma ta ƙwace gawar. Maganar ta kai zauren majalisa a watan Mayun 1920, Winston Churchill yana ministan yaƙi ya goyi bayan hukumar, aka tashi a kan haka. Su ma waɗannan masu koken suna cikin masu sa'a, domin an san inda nasu yake. A ranar farko ta karon Somme a Faransa kaɗai, 1 ga Yulin 1916, sojojin Birtaniya 19,240 suka mutu. Igwa ba ta barin abin binnewa. Bangon tunawa na Thiepval yana ɗauke da sunaye sama da 72,000 na waɗanda ba a ga gawarsu ba, Ƙofar Menin a garin Ypres na Beljiyam tana da sama da 54,000.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Duk wanda ya taɓa zaman makokin mutumin da ruwa ya ci ba a ga gawarsa ba, ya san yadda zaman yake: ba wanka, ba likkafani, ba makara, ba wanda zai ce da hannuna na zuba masa ƙasa. Uwa tana karɓar gaisuwa tana kuma kasa kunne ko za a yi sallama a ƙofar gida. To, a riƙa wannan a ninka shi a gidaje dubu ɗari-ɗari, domin Birtaniya ita kaɗai ta rasa mutum sama da 700,000. Abin da ya iso gida shi ne takardar waya ko wasiƙa, sai 'yan tarkacen aljihu, daga baya kuma wani faifan tagulla da gwamnati ta raba wa iyalai da sunan mamacin a jiki. Ana bukatar wurin da za a je a tsaya. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki: aka koma coci, inda yaron ya yi baftisma, inda ya rera waƙa yana ƙarami, aka nemi wani abu a jikin ginin da za a ce wannan nasa ne.

Akwai masu allon tagulla a bango, akwai masu sayen ƙararrawa ko ogan, babban kayan kiɗan coci. Amma taga tana da daraja ta dabam, kuma darajar tsohuwa ce. Tun wajen 1140, lokacin da shugaban gidan ibada na Saint-Denis kusa da Paris, Suger, ya sake gina majami'arsa da manyan tagogi masu launi, Kiristocin Turai suke ɗaukar hasken da ya ratso gilashi a matsayin misalin hasken Ubangiji da ke shiga zuciya. Al'adar mai bayarwa ya bar alamarsa ma ta daɗe. A babbar majami'ar Chartres, a ƙasan tagogi da dama ana ganin masu gasa burodi da dukawa da mahauta suna bakin aikinsu. A Gloucester akwai wata ƙatuwar taga ta wajen 1350, girmanta ya kai filin wasan tanis, ɗauke da garkuwoyin manyan gidaje, cikinsu har da na waɗanda suka yi yaƙin Crécy a 1346, shi ya sa wasu ke lissafa ta cikin tsofaffin wuraren tunawa da yaƙi a Ingila.

Da yawa daga tsofaffin tagogin Ingila ba su kai labari ba. Masu tsattsauran ra'ayin Furotesta sun ɗauke su gumaka. Wani William Dowsing ya bi coci-cocin Cambridgeshire da Suffolk a 1643 da 1644 yana farfasa su, yana kuma rubuta abin da ya fasa a kundinsa kamar mai lissafin riba. Sai a zamanin Sarauniya Victoria sana'ar ta farfaɗo, har ta zama babbar harka mai kamfanoni irin su Clayton & Bell da Morris & Co. da James Powell & Sons. Ke nan da aka tsagaita wuta a Nuwamban 1918, akwai ƙwararru a shirye, akwai littattafan samfur, akwai kuma tagogin farin gilashi da ba a kai ga cikewa ba. Wani abu kuma ya sauya a cikin cocin kansa. Tun bayan rabuwa da Roma, Cocin Ingila yana ɗari-ɗari da yi wa matattu addu'a a bainar jama'a, yana ganin abin na Katolika ne. Yaƙin ya rusa wannan shinge. Ba limamin da zai iya kallon idon uwar da ta rasa 'ya'ya biyu ya ce mata ba a yi musu addu'a, kuma zuwa 1917 addu'ar ta shiga tsarin ibadar da hukumomin cocin suka fitar, duk da ƙorafin wasu bishof-bishof.

Yadda ake yin tagar kanta ya cancanci a tsaya a kai, domin a nan ake gane abin da gilashi zai iya da abin da ba zai iya ba. Launin ba fenti ba ne. Tun gilashin yana narke a tukunya ake zuba masa garin ƙarfe: kobalt ya ba da shuɗi, jan ƙarfe ya ba da kore ko ja gwargwadon yadda aka sarrafa wutar, manganis ya ba da shunayya, zinariya ta ba da wani ja mai ruwan hoda. Ja na jan ƙarfe yana da duhu ƙwarai, in aka yi shi da kaurin sauran haske ba zai wuce ba, don haka sai a yi masa siririn shafi a kan farin gilashi. Mai busa ya hura shi da baki ta bututu, a tsaga a shimfiɗe. Shi ya sa faranti ɗaya ba ya zama daidai, nan kauri can siranta, ga 'yan ƙwayoyin iska a ciki, kuma wannan rashin daidaiton ne ke sa hasken ya yi rawa.

Mai zane yakan fara kai wa iyali ɗan ƙaramin hoto na ruwan launi. In sun yarda, ya zana shi a takarda daidai girman tagar, ya ja layukan inda darma za ta bi. Kowane ɓangare a yanka shi daban da lu'ulu'u ko 'yar ƙafar ƙarfe. Sai a manna gutsattsarin da kakin zuma a jikin wani babban farin gilashi, a tayar da shi ya fuskanci rana, mai zanen ya zauna da burushi. Fentinsa guda ɗaya ne, baƙi-baƙi mai ruwan ƙasa, haɗin tsatsar ƙarfe da niƙaƙƙen gilashi. Da shi zai ja gira da leɓe da naɗin riga. Yakan shafe fuska gaba ɗaya da siririn fenti, ya bari ya bushe, sannan ya ɗauki tsinke ko busasshen burushi yana kankare inda yake son haske ya fito: goshi, karan hanci, ɗigon cikin ido. Wato a wannan sana'a hasken fuska cirewa ake yi, ba ƙarawa ba. A sa a tanderu mai zafin da ya haura digiri 600, fentin ya narke ya zama jiki ɗaya da gilashin. Rawayar gashi ko ta kambi kuwa daga azurfa take: a shafa ruwanta a bayan gilashin a gasa, ta shige ciki ta rina shi, dabarar da Turawa suka fara amfani da ita a tagogi a farkon ƙarni na 14. Ƙarshe a jera gutsattsarin cikin sandunan darma masu kwari a gefe biyu, a liƙe mahaɗa da narkakken haɗin kuza da darma, a cusa wani baƙin kwaɓi a ramukan don kada ruwan sama ya shiga, a kai coci a ɗaure da wayar jan ƙarfe a jikin sandunan ƙarfe da aka gitta.

Yanzu a dubi matsalar mai zanen. An kawo masa hoton yaro ɗan shekara 19 sanye da kaki. Kaki launi ne da aka ƙirƙira don kada a gan shi, gilashi kuwa aikinsa a gan shi. In ka cika taga da kaki ka samu ruwan kwata. Sulke kuwa yana ƙyalli, alkyabba tana karɓar ja da shuɗi, fukafukan mala'ika suna karɓar komai. Wannan dalili ne na sana'a, kuma gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Wanda ya fi shi ƙarfi shi ne abin da iyali ke son gani. Sun ji labarin yadda ake mutuwa a can: iskar guba, waya mai ƙaya, mutum ya nutse a laka da ransa. Ba wanda zai biya kuɗi a zana masa wannan a inda zai zauna kowace Lahadi. Sai aka koma ga Waliyyi George, majiɓincin Ingila, yana soke dodo da mashi. Ga Mala'ika Mika'ilu da takobi. Ga Galahad, baraden nan mai tsarkin zuciya na tatsuniyoyin Sarki Arthur. A wasu tagogin an ɗauki fuskar mamacin daga hotonsa an ɗora wa waliyyin, ta yadda za ka ga sulken ƙarni na 15 da gashin baki irin na hafsan 1916.

Akwai hoto guda da ya yi tashe fiye da kima. A Kirsimetin 1914 wata mujalla a Landan ta buga zanen James Clark: soja kwance matacce, kakinsa tsaf, ɗan ƙaramin rauni a gefen goshi kamar mai barci, hannunsa yana taɓa ƙafar Yesu a kan gicciye. An kwafe shi a tagogi a wurare da dama. Ayar da ta fi yawan rakiyar irin waɗannan hotuna ita ce ta Bisharar Yohanna 15:13, mai cewa babu ƙaunar da ta wuce mutum ya ba da ransa domin abokansa. A nan ne, a ganina, tagogin suka taka wuri mai santsi. Ta'aziyya ce ta gaske ga uwa a ce mata mutuwar ɗanta ta yi kama da ta Mai Cetonta. Amma sojan ba mutuwa kaɗai ya je yi ba, ya je kashewa ne, kuma wanda ya harbe shi yana ɗaure da bel mai rubutun Jamusanci da ke cewa Allah na tare da mu. Bishof na Landan, Winnington-Ingram, ya fito fili ya kira yaƙin mai tsarki. Fastocin Jamus suna faɗa wa nasu haka nan. Mika'ilun da ke tagar Ingila shi ne dai majiɓincin Jamus. Ban ga laifin uwar ba ko kaɗan. Wanda zan tuhuma shi ne wanda ya san hoton yana sauƙaƙa tura wasu yaran, ya kuma ci gaba da yaba shi.

Ba duka masu zanen ne suka bi hanyar zaƙi ba. Wilhelmina Geddes, 'yar Ailan, ta yi wa cocin St Bartholomew da ke Ottawa taga a 1919. Ɗan Sarauniya Victoria, mai sarautar Connaught, wanda ya yi gwamna-janar na Kanada, shi ya ba da aikin don tunawa da ma'aikatan fadarsa goma da suka mutu a yaƙin. Ita ma waliyyan yaƙi ta zana suna tarbar mamacin soja, amma fuskokinta masu nauyi ne, launukanta masu duhu, ba murmushi. Ka duba ka san rasuwa aka yi.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a cika son yi ba. Hukumar Ware ta daidaita janar da kurtu a maƙabarta, amma ikonta bai kai cikin cocin ƙauye ba. A nan iya kuɗinka iya shagalinka. Tagar mutum ɗaya, mai sunansa da bajen rundunarsa da ranar mutuwarsa, kusan kullum ta ɗan mai gona ce ko ɗan limami ko ɗan likita, wato hafsa. A yi adalci: waɗannan gidajen sun sha kashi fiye da kowa a lissafin kaso. Ƙaramin hafsa shi ke fara fita daga rami da busa a baki, kuma kusan 17 cikin ɗari na hafsoshin Birtaniya sun mutu, a kan kusan 12 cikin ɗari na ƙananan sojoji. Firayim minista Asquith kansa ya rasa ɗansa Raymond a Somme. Duk da haka, ɗan makiyayi da ya faɗi kusa da laftanansa a rana ɗaya, nasa rabon layi ɗaya ne a jerin sunaye ƙarƙashin tagar da ƙauye ya yi karo-karo ya saya. Kuma ko mai kuɗin ba ya kafa taga da ikon kansa. A Cocin Ingila sai an nemi izini a rubuce daga alƙalin lardin bishof, kuma ambaliyar buƙatun da aka samu a lokacin tana cikin abin da ya haifar da kwamitocin ba da shawara kan abin da ya dace a sa a coci, waɗanda har yau suna aiki.

Karo-karon da ya fi burge ni na mata ne. A babbar majami'ar York akwai tagogi biyar dogaye a jere, tun daga tsakiyar ƙarni na 13, kowacce ta haura mita 16, ana ce musu 'Yan'uwa Mata Biyar. Kusan ba su da hoton kowa, zane ne na ganye da layuka cikin gilashi mai ruwan toka da kore, kamar saƙar zani. An sauke su lokacin yaƙi don tsoron Zefelin, aka tarar darmarsu ta ruɓe. Wasu mata biyu, Helen Little da Almyra Gray, suka lura cewa ko'ina ana gina wa maza abin tunawa, an manta da ma'aikatan jinya da direbobin motar asibiti da matan masana'antar makamai da wuta ta ci. Suka yi kira ga mata, cikin 'yan makonni kuɗin ya haɗu daga dubban hannaye. Aka sake ɗaure tagogin da tsohuwar darmar da aka tono a kangon gidan ibada na Rievaulx, aka buɗe su a watan Yunin 1925. A kusa da su akwai allunan katako masu sunayen mata sama da 1,400, ciki har da Edith Cavell, ma'aikaciyar jinyar da Jamusawa suka harbe a Brussels a Oktoban 1915 saboda ta taimaki sojoji sun tsere. Ba sulke, ba takobi, ba dodo.

A Faransa lissafin ya bambanta. Ta rasa kusan mutum miliyan 1.4, kuma bayan matsin lamba ta yi doka a 1920 da ta ba iyalai damar ɗauko gawa a kuɗin gwamnati. Matsalarta wata ce: dokar 1905 da ta raba coci da hukuma ta hana sa alamar addini a sabbin gine-ginen tunawa na dandalin jama'a. Don haka gari yakan samu abin tunawa biyu, na magajin gari a fili, na limami a cikin coci. Tagogin Faransa sun fi na Ingila sakin jiki da kakin soja, watakila don shuɗin kakinsu ya fi karɓar gilashi, kuma a ƙauyuka da dama an jera fuskokin mamatan a ƙananan da'irori, an kwafo su daga hotuna, gashin baki da hula da komai. Jeanne d'Arc, jarumar yaƙin Faransa ta da, wadda aka ayyana waliyyiya a 1920, ta samu aiki sosai. A Douaumont kusa da Verdun, inda aka tara ƙasusuwan mutum kusan 130,000 da ba a san ko su wane ne ba, Faransawa da Jamusawa a cakuɗe, tagogin ɗakin addu'a zanen George Desvallières ne, wanda shi ma ɗansa ya mutu a yaƙin a 1915.

Zuwa Yaƙin Duniya na Biyu an rage kunyar nuna soja a kayansa. A majami'ar Westminster Abbey ta Landan, tagar da Hugh Easton ya yi wa matuƙan jiragen da suka kare sararin Birtaniya a 1940 tana nuna su da shuɗin kakinsu, kewaye da bajojin rundunoninsu. Sarki George na Shida ya buɗe ta ranar 10 ga Yulin 1947, kuma a bangon ɗakin an bar ramin da ɓaraguzan bam suka huda, an toshe shi da gilashi kawai. A Sainte-Mère-Église ta Normandi, Maryamu ce riƙe da jariri, sojojin lema na Amurka suna saukowa ta kowane gefe, tunawa da daren 6 ga Yunin 1944 da lemar wani John Steele ta maƙale a hasumiyar cocin. Ba nisa da nan, a ƙauyen Angoville-au-Plain, tagogin na wasu ma'aikatan jinya biyu ne na sojan Amurka, Robert Wright da Kenneth Moore, da suka mai da coci asibiti suka yi jinyar mutum kusan 80, Amurkawa da Jamusawa, da sharaɗin kowa ya ajiye bindigarsa a waje. Tabon jini yana jikin bencin har yanzu, kuma na tabbata ya fi tagogin magana.

Mu ma muna cikin waɗannan yaƙe-yaƙe, ko da ba ma cikin gilashin. Sojojin Rundunar Nijeriya sun yi yaƙin Kamaru, Garwa ta faɗi a 1915, dutsen Mora bai miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916, daga nan aka kwashi wasu zuwa Gabashin Afirka, tare da ɗimbin 'yan dako da cuta da yunwa suka fi harsashi kashewa. Baturen hafsan da ya mutu a can yana iya samun taga a cocin garinsu. Su kuma fa? A 2021 hukumar nan ta Ware, wadda yanzu ake kira ta ƙasashen Kwamanwel, ta fitar da rahoton binciken kanta: aƙalla mutum 116,000, watakila har 350,000, galibi 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba bayan yaƙin farko. Rahoton ya kawo maganar gwamnan Gold Coast (Ghana ta yau), Guggisberg, a 1923, cewa talakan ƙasar ba zai gane amfanin dutsen kabari ba. Ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa. Daidaiton janar da kurtu ashe yana da iyakar da bai tsallake ba. A yaƙi na biyu an ɗan gyara, sunayen 'yan Afirka ta Yamma suna maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon a Burma.

Ba cewa nake da an yi musu tagogi ba. Da yawansu Musulmi ne, kuma Musulmi in zai tuna da mamacinsa rijiya yake haƙawa ko ya ba da sadaka, kabarin ma ba a so a ƙawata shi. Faransa ta gane haka ta wata fuskar, ta gina Babban Masallacin Paris da aka buɗe a 1926 don godiya ga sojojinta Musulmi, kuma a Douaumont akwai ɗaruruwan kaburbura masu fuskantar alƙibla. Abin da aka tauye wa namu suna ne. Wanda ya rage mana a gida sunayen wurare ne: barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, na Chindit a Zariya, na Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, Burma Camp a Akara. Duk daga yaƙin Burma suka samo asali, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka fafata da Japanawa, kuma mutum zai yi shekara ashirin yana shiga motar Kawo yana wuce Dalet bai taɓa jin haka ba.

Taga ma ba ta dawwama, ko da an yi ta don dawwama. A 1953 aka kafa wasu a babbar majami'ar Washington don girmama Robert E. Lee da Stonewall Jackson, janar-janar na jihohin kudu da suka yi yaƙin basasar Amurka don riƙe bauta. Wata ƙungiyar matan zuriyar sojojin kudu ce ta ɗauki nauyi. Shekara sittin da 'yan kai suna nan, baƙaƙen fata suna ibada a ƙarƙashinsu. Bayan wani ɗan wariya ya kashe mutum tara a cocin baƙaƙe a Charleston a 2015, aka cire tutocin kudu daga cikinsu. Bayan tarzomar 'yan wariya a garin Charlottesville a 2017 aka sauke su gaba ɗaya. A 2023 aka sa sababbi, zanen Kerry James Marshall, masu nuna baƙaƙen fata riƙe da allunan zanga-zanga.

Sauran kuwa, abokin gabarsu ba siyasa ba ne, darma ce. Bayan shekara ɗari ko fiye takan gaji, ta tsattsage a mahaɗa, tagar ta fara yin ciki, ruwa ya shiga, fentin da bai gasu sosai ba ya fara gogewa, fuska ta dusashe ta bar farin gilashi tsakanin kwalkwali da wuyan sulke. Tagogin da aka kafa tsakanin 1919 da 1925 sun shiga wannan shekarun yanzu. Gyara yana nufin a sauke, a warware gutsure-gutsure, a sake ɗaurewa da sabuwar darma, aikin makudan kuɗi, kuma uwar da ta biya na farko ta daɗe da bin ɗanta. Ikkilisiyoyin ƙauye da yawa a Ingila ba su wuce tsofaffi 'yan ƙalilan ba, wasu coci-cocin an rufe an mai da su gidaje. Kaɗan daga tagogin sukan samu shiga gidan tarihin gilashi da ke majami'ar Ely. Wasu kuma ƙungiyar masu sana'ar gilashi ta Landan takan karɓa ta ajiye a ma'adanarta, a jingine cikin katako, sunan yaron da ranar mutuwarsa a ƙasa, har a samu wani ginin da girman ramin tagarsa ya yi daidai da nasu.